Bindigar kawuna mai baki biyu: abin da na taɓa da abin da na bari

Na daɗe ina tara kayan da: takubba, masu, kwari da baka, da tsofaffin linzamai. Bindiga mai baki biyu kuwa gado ce ta kawo mini ita, bayan rasuwar kawuna da ya yi aikin En'e a nan Argungu, Allah ya jiƙansa. Kafin in ɗaura mata ko tsumma sai da na je hedikwatar 'yan sanda a Birnin Kebbi, domin lasisin mamaci ba ya bin magaji. Dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga a rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar, gyaranta ma sai wanda aka ba izini. A halin da yankinmu yake ciki, duk mai son ajiye irin wannan kaya ya fara da takarda, kuma ya rage yawan masu sanin abin da ke ɗakinsa.

Irin ta da ce, mai 'yan gudumomi biyu a waje da ake ja baya da babban yatsa. Da na cire katakon gaba na zare bututun na kifa su, sai ga ƙananan hatimai a wurin da yake shimfiɗe a gindinsu. Akwai sanduna biyu a gicciye da kambi a sama da haruffan BPC, hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham a Ingila ke nan, wanda aka kafa a 1813. Wannan hatimi an daina buga shi a 1904. Kusa da shi akwai 12 a kan harafin C, da kalmar CHOKE, wato an ɗan tsuke ramin a ƙarshen baki, su kuma a 1887 aka fara buga su. Ke nan an gwada ta tsakanin waɗannan shekaru biyu, mai yiwuwa tun Turawa ba su ci Sakkwato ba a 1903. Lamba 12 ɗin girman harsashin da take ɗauka take nufi, daga faɗin rami aka samo ta: idan aka dunƙula dalma daidai ramin, guda goma sha biyu ne za su yi laba ɗaya; faɗin ramin kuwa wajen milimita 18.5 ne.

Kowa ya gan ta sai ya ce a kai wa mai samfefa ya goge ta ta yi ƙyalli, a shafa wa ƙotar fenti. Na ƙi, kuma ga dalilina. A ƙarƙashin tsatsar, inda katakon gaba ya rufe, ƙarfen yana da zane mai murɗe-murɗe, baƙi da ruwan ƙasa. Irin wannan bututu ba huda sandar ƙarfe aka yi ba. Maƙera sun jera ƙarfe mai taushi da mai tauri, suka murɗa, suka buge ya zama tsiri, sannan suka naɗa shi a jikin sanda kamar yadda ake naɗa rawani, suna haɗe gaɓoɓin da wuta da guduma. Samfefa tana share launin da ke fito da zanen, ta cinye hatiman, ta rage kaurin bututun da ma can ba shi da kaurin kirki. Bindigar da aka yi wa haka ta rasa shaidar asalinta, kuma babu mai mayar da ƙarfen da aka kankare.

Na jiƙa tsatsar da man keken ɗinki na bar shi ya kwana. Washegari na ɗauko tsohon kwabo na tagulla, na riƙa kankarar ƙurajen tsatsar da gefensa a hankali. Tagulla ta fi ƙarfen taushi, sai ta ɗauke tsatsar ta bar fatar. Man yakan koma ja, ya yi kauri, in share da farin ƙyalle in ƙara wani. Idan aka bar shi, garin tsatsar da ke cikinsa shi ne zai karce ƙarfen. Aiki ne na zaman tabarma bayan la'asar, tsawon ɗan yatsa a rana ya isa. Man gyaɗa da manja ban yarda su kusance ta ba, suna daskarewa su yi danƙo.

A bakin hagu na tarar da gidan zanzaro, ya toshe ramin da laka wajen taki ɗaya daga baki. Na tura sandar katako ya fito a dunƙule, har da busassun tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Da na ɗaga bututun ga haske, daidai inda lakar ta zauna ta riƙe danshin damina akwai zobe na ƙananan ramuka. Wannan ba ya gyaruwa da mai, sai dai a tsayar da shi inda ya tsaya.

Bututun biyu da siraran ƙarafan da ke tsakaninsu, sama da ƙasa, da dalma da kuza aka liƙe su. Ana gane lafiyar liƙin ta hanyar rataye bututun a yatsa a ƙwanƙwasa da ɗan katako: mai lafiya yakan yi amo mai tsawo, wanda ya saki sai ka ji ƙwas. Nawa ƙwas na ji. Ga kuma ɗan girgiɗi tsakanin bututun da jikin bindigar idan an cire katakon gaba an jijjiga ta. A nan hannuna ya tsaya, na nemi wani dattijo mai izinin gyara. Ya jujjuya ta, ya sa farce a ƙarƙashin ƙarfen da ya ɗaga, ya ce, "Malam, wagga ba ta son wuta mai yawa. In ka kai ta wurin mai walda, bakin biyu rabuwa za su yi a hannunka." Na ce, "Baba, shi ya sa na zo gare ka." Ya ɗage ƙarfen, ya share tsatsar da ta ɓuya a ƙarƙashi, ya sake liƙewa da ƙaramar wuta. Na lura kowane noti sai ya goga bakin sukundireba ya zauna cif a tsagarsa kafin ya murɗa, don tsagar notin Ingila siririya ce, sukundireban kasuwa yana yage mata baki.

Ƙotar ta itacen walnat ce, wanda ba ya fitowa a ƙasarmu, don haka idan ta karye babu inda zan samo irinta. Kanta, inda ta haɗu da ƙarfe, ya yi baƙi ƙirin ya yi laushi, saboda shekara da shekaru ana ɗura mai a baki a jingine ta tsaye, man yana gangarowa cikin itacen. Na riƙa shafa garin alli a wurin ina ajiye ta inda akwai ɗumi, allin ya tsotso man ya yi rawaya, in kakkaɓe in sake. Wata 'yar tsaga da ke bayan gudumomin na buɗa ta kaɗan, na zuba gam, na ɗaure da tsirin robar tayar keke. Bayan ta kama na riƙa murza ɗigon man linsid da tafin hannu har itacen ya yi ɗumi. Tsumman man linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, balle a zafin bazararmu, don haka a ruwa nake jefa shi.

Wani ƙanena ya matsa in bari a gwada ta ko sau ɗaya. "Yaya, bindiga ba a ji ƙararta ba?" Na nuna masa hatiman: babu inda aka rubuta NITRO PROOF, wato da baƙin albarushi na da kaɗai aka gwada ta, ba da irin na harsashin yanzu ba. Mazaunin harsashinta milimita 65 ne, harsashin yanzu yawanci 70 ne, zai shiga kuma ta rufu, amma idan ya tashi bakinsa ba shi da wurin buɗewa sosai, matsin sai ya ƙaru. Ga kuma zoben ramukan da gidan zanzaro ya bari a bututun hagu. Ko harsashi ɗaya ba na ajiyewa a gidan.

Yanzu tana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, bakinta ƙasa, nesa da bango saboda gara, gudumomin a kwance don kada sifirin ya gaji. Ba na barinta cikin kuben fata ko bargo, suna riƙe laima. Daga Yuni zuwa Satumba, da fadamar gulbi ta cika, duk mako nake fito da ita in share in shafa mai kaɗan, musamman inda yatsu suka taɓa, don gumi gishiri ne. Da hunturu ƙura ce abin tsoro, tana manne wa mai, itacen kuma yana bushewa ya ja jiki, sai in rage mai a ƙarfe in ƙara duba tsagar nan. Noti ɗaya na ƙarƙashi har yanzu ya ƙi motsi. Ina ɗiga masa mai, dattijon ya ce in bar shi sai bayan damina mu sake gwadawa.