Daren da ƙanwata ta tsaya a santimita 4

Wajen ƙarfe tara na dare muka kai ta asibiti, haihuwar fari ce, dama tana gidanmu a Tudun Wada goyon ciki. Aka duba aka ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 4. Ƙarfe ɗaya aka sake dubawa, 4 ɗin nan dai. Umma na baranda da carbi, mijin sai kai kawo yake yana lissafin kuɗin aiki, ita kuma ta riƙe hannuna gam tana cewa "Yaya, yanka ni za su yi ko?"

Wlh nima na sare. Na samu sistar da ke kan aiki na ce Sista don Allah ki gaya min gaskiya. Ta ɗauko ɗan abin jin bugun zuciyar jariri ta ɗora a cikin, muka ji shi tif tif tif, ta ce lafiyarsa lau, jinin uwar bai hau ba, faya ba ta fashe ba, to saurin me ake? Ta ce da kam a 4 suke fara ƙirga awa, yanzu sai an kai 5.

Sai daga baya na bi maganar na gane. Tun shekarun 1950 wani likitan Amurka, Friedman, ya auna naƙudar mata, daga aikinsa aka samo ƙa'idar santimita ɗaya duk awa, ita aka zana layi da ita a takardar fatogiraf da ake cikewa a ɗakin haihuwa. Mace ta tsallake layin sai a ce naƙuda ta tsaya, a sa ruwan naƙuda, in bai yi ba sai tiyata. To a 2010 aka fitar da wani bincike kan haihuwar mata sama da 62,000 a Amurka, aka ga da yawansu a hankali suke tafiya kafin 6 kuma lafiya suke sauka. An yi irinsa a Najeriya da Yuganda, sakamakon kusan ɗaya. Shi ne a 2014 likitocin mata na Amurka suka ce kar a kira naƙuda ta tsaya kafin 6, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2018 ta ce daga 5 ake farawa, kuma jinkiri shi kaɗai ba dalilin yanka mace ba ne. Ba wai wannan canjin ya gyara komai ba fa, har yau kusan ɗaya cikin uku a Amurka da aiki ake ciro musu.

Amma abin da ke damuna, kar wata ta karanta wannan ta ce ashe gara a zauna gida. Mu matsalarmu daban ce, binciken ƙasa na 2018 ya nuna a lokacin kusan 3 cikin 100 na masu haihuwa ne kawai ake wa aiki a Najeriya, mu nan Arewa ko hakan ba mu kai ba, wato waɗanda suke buƙata ma ba sa samu. Nan Zariya Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin ABU, aka fitar a 1985, ya nuna matan da ba su je awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su suka fi rasuwa nesa ba kusa ba. Yoyon fitsarin da ake gyarawa a asibitin Gambo Sawaba doguwar naƙuda ce ke jawo yawancinsa. Haƙurin da sistar nan ta sa mu yi ba irin na zaman gida ba ne, duk rabin awa tana zuwa ta saurari yaron, kuma ɗakin tiyata na nan kusa.

Da asuba ƙanwata ta kai 6, daga nan abin ya yi sauri, da hantsi ta sauka da kanta, namiji. Muna cikin murna aka shigo da wata yarinya daga ƙauye a bayan a-kori-kura, kwana biyu tana naƙuda a gida, leɓenta duk ya bushe, kakarta riƙe da ƙullin kayan jariri. Ita ba a ƙirga mata awa ba, mijin na sa hannu aka tura ta ɗakin tiyata.