Zumuntar Matafiyan Ƙasa a Tsaunukan Gabashin Amurka

Hanyar ƙafa da ake kira Appalachian Trail ta taso daga Dutsen Springer a jihar Jojiya ta dire a Dutsen Katahdin a jihar Maine, tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, kuma ta ratsa jihohi 14. Benton MacKaye ne ya kawo shawarar samar da ita a 1921, aka kammala ta a 1937, sannan a 1948 wani tsohon soja mai suna Earl Shaffer ya bi ta daga tushe har ƙarshe a tafiya guda. Masu son bin sawunsa kan tashi daga kudu a watan Maris ko Afrilu, su shafe wata 5 zuwa 7 suna tafiya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa gaci. Ni ɓangaren kudu na taka tare da su, daga Jojiya zuwa cikin Bajiniya, inda na ga yadda saurin ƙafa ke zaɓa wa mutum abokai.

Aikin yau shi ne na gobe. Da asuba mutum zai naɗe shimfiɗarsa, ya tace ruwan ƙorama ya cika gora, ya saɓa jaka, ya bi alamun farin fenti da aka shafa a jikin itatuwa da duwatsu har la'asar ta yi sanyi. Abinci bai wuce taliya mai saurin dahuwa da garin dankali da man gyaɗa da kifin leda ba, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai a gangara gari mafi kusa a yi sayayya da wanka da wanki. Nauyin jaka shi ne abin da ya fi damun sabon shiga. A Neel Gap, kimanin kilomita 50 daga mafari, hanyar ta bi ta cikin wani ginin dutse mai kanti, kuma a nan ne mutane da yawa ke zazzage kayansu su aika da abin da ba dole ba gida. Emma Gatewood kuwa, wadda ta gama hanyar a 1955 tana da shekara 67, da ɗan buhun da ta ɗinka da hannunta ta yi tafiyar.

Zumuncin yana ƙulluwa ne a masauki. Akwai rumfuna sama da 250 a kan hanyar, yawancinsu bango uku ne da rufi, kuma galibi kusa da ruwa aka kafa su. Da rana kowa tafiyarsa yake yi shi kaɗai, amma mutanen da ƙarfin ƙafarsu ya zo ɗaya sai su riƙa tsintar kansu a rumfa guda kowane dare, ba tare da sun yi alkawari ba, har su wayi gari sun zama ayari irin na fataken da, sai dai babu madugu. A namu ayarin akwai dattijon da ya yi ritaya, da ɗaliba, da wani mai gyaran mota, kuma mun daɗe tare kafin in san sana'ar kowa, domin tambayoyin da ake yi su ne inda ka kwana jiya, da ko akwai ruwa a gaba, da yadda gwiwarka take. Ko sunan yanka ba a cika amfani da shi ba. Laƙabi ake raɗa wa mutum daga wata ɗabi'arsa ko wani abin dariya da ya faru da shi, kuma da wannan laƙabin yake sa hannu a littafin da ake ajiyewa a kowace rumfa, wanda ta cikinsa ake sanin wanda ya wuce da saƙon da ya bar wa na baya.

Wasu al'adun sun yi mini nauyi da farko. Ba a musafaha, sai dai a haɗa dunƙulen hannu, kuma ba a tsoma hannu cikin ledar abincin wani, sai dai ya zuba maka a tafi, duk saboda tsoron cutar amai da gudawa da kan bi rumfuna. Ga wanda ya tashi ana cin tuwo a kwano ɗaya, wannan ya yi kama da ƙyama, amma mutanen nan su ne ke raba maka ragowar abincinsu idan naka ya ƙare, su ɗaure maka ƙafa idan ta yi kanta. Da suka fahimci lokutan sallata sai suka riƙa yada zango a daidai lokacin, ɗalibar kuma ta ɗauki aikin karanta jikin leda a kanti don ta gaya mini abin da ke da naman alade. A mararrabar titi ma akan tarar da mutanen gari sun kawo lemo da 'ya'yan itace kyauta, a masaukan gari kuma akwai akwatin da ake zuba abin da ba a buƙata domin mai buƙata ya ɗauka.

Sai dai Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a wannan hanya maganar tana da ɗaci. Wanda ya gurɗe ƙafa ya kwana biyu a gari, ayarinsa ya ba shi ratar da zai yi wuya ya cike, kuma ba kowa ke iya jira ba, domin kuɗin guzuri na ƙarewa, ga shi ana son isa Katahdin kafin sanyin Oktoba. Haka muka bar dattijonmu a wani ƙaramin gari a Karolina ta Arewa, muka koma bar masa saƙo a littattafan rumfa. A ganina wannan ne ya sa taron da garin Damascus na Bajiniya ke shirya wa matafiya duk watan Mayu yake cika, domin na gaba kan nemi mota su dawo, na baya su ma su hau mota su iso, a kwana biyu ana neman juna da laƙabi, sannan kowa ya koma daidai inda ya tsaya ya ci gaba da tafiyarsa.