Yadda Na Koyar da Yaƙin Kamaru a Ajina na Mubi

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Mubi. Bana na ware darasi na musamman kan yaƙin da Ingila da Faransa suka gwabza da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. Da taswira na fara. Na zana ta a allo da alli kala uku, Mubi da Bama da Dikwa duk na sa su a ɓangaren Jamus. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, wai mu ma Jamus ce ta mulke mu?" Nan take ajin ya farka.

A Turai wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta tashi, amma kowa na da abin da yake hange a nan. Faransa ba ta manta da yankin da ta miƙa wa Jamus a 1911 don a sakar mata Maroko ba. Ingila kuwa tashar jiragen ruwan Duwala ce ta tsone mata ido.

Inda na fi daɗewa shi ne kan waɗanda suka yi faɗan. A watan Agustan 1914 sojojin Ingila suka tashi daga Yola suka far wa Garwa da ke hannun Jamus, aka fatattake su, garin bai faɗi ba sai Yunin 1915. A dutsen Mora, Kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe wuta har Fabrairun 1916. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe bindiga a ɓangarorin biyu galibi baƙar fata ne, da Hausawa a cikinsu, ga 'yan dako da suka sha yunwa da cuta da kaya a ka. Wannan yana ci mini rai, domin sunayen hafsoshi aka fi adanawa.

Da aka zo rabon ganima, Faransa ta kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta ɗauki tsiri a gefen Najeriya. Arewacin tsirin nan, inda Mubi take, shi ne ya zaɓi Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, ya zama Lardin Sardauna.

Na lura yara sun fi riƙe dalilin yaƙi idan suka fara ganin abin da ya haifar a garinsu. Shi ya sa aikin gida na ce kowa ya tambayi kakanninsa yadda aka kaɗa ƙuri'ar 1961, kuma da yawansu sun dawo da labarin dangi da ke Garwa da Marwa har yau.