Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda na shiga kiwon tsutsa

A makon jiya na tsaya inda buhun abincin kifi ya fi ƙarfina. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, albashin koyarwa ya daina kai ni ƙarshen wata, ga tarwaɗa a tanki kullum baki a sama.

Wani tsohon ɗalibina ne ya zo mini da ƙwan baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja, a maƙale cikin ramukan yankakken kwali, sai ka rantse garin tuwo ne ya dunƙule. Ya ce, "Malam, wannan ba ƙudan bola ba ne. Ba ya cizo, ba ya sauka kan abinci. Tsutsarsa muke so."

Uwargida ta leƙa robar, ta ja da baya. "Malam, tsutsa a gidan nan? Me zan ce wa maƙwabta?" Na ce ta yi mini haƙurin wata guda.

Kwana huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe. Na riƙa ba su jiƙaƙƙiyar dusa da ɓawon kankana da ruɓaɓɓen tumatir da nake kwasowa a kasuwar 'Yankaba bayan an tashi makaranta. Nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai: na cika musu ruwa. Abincin ya yi tsami, wari ya kai zaure, tsutsotsin suka dinga hawa bangon roba suna gudu, kiyashi kuma ya tare su a ƙasa. Fiye da rabi suka tafi. Busasshiyar dusa na zuba ta tsotse danshin, na tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa.

Waɗanda suka tsira, cikin mako biyu sun yi ɓul-ɓul. In ka cusa hannu cikinsu ɗumi za ka ji, kamar tuwon da aka rufe. Na watsa wa tarwaɗa tafi guda, ruwan ya hautsine.

Maƙwabcinmu mai kaji, wanda ya fi kowa ƙorafin wari, shi ya fara sayen kwano ɗaya. Uwargida ce ma ta auna masa.

Sai hunturu ya shigo, tsutsotsin da suka rikiɗa suka zama ƙudaje suka daina barbara, ƙwai ya ɗauke. Yadda na yi da su, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.