Garin sinadarin da ya canja launi ina sallar la'asar

Ranar da na fara fitar da samfurina daga tanderu, fari ne fat kamar garin rogo. Na juye shi a ɗan kwanon gilashi na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo ya yi ruwan ɗorawa, da safe kuwa ya kusa komawa ruwan lemo. Gabana ya faɗi, na ɗauka aikin kwana uku ya tafi a banza. Da na kai wa malamina, dariya ya yi ya ce, "Ka bar shi ya sha iska, shi kuma ya sha ruwa."

Katalis nake haɗawa, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Muna shimfiɗa banadiyam, wani nau'in ƙarfe, mai haɗe da oksijin a kan silika, sinadarin da ke cikin yashi, shimfiɗa siririya, don kowace ƙwayar zarra ta samu damar taɓa iskar da za ta yi aiki a kanta. Banadiyam mai oksijin ba baƙo ba ne a masana'antu: shi ke mayar da iskar SO2 (sulfur mai oksijin biyu) zuwa SO3 (mai oksijin uku) wajen yin asid ɗin sulfur, a zafin da ya haura digiri 400 na Selsiyos.

Na'urar Raman ce ta warware min zancen. Ana haska leza a kan garin, a karanta hasken da ya watsu a matsayin layuka a kan ma'aunin na'urar, dabarar da C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928. Idan banadiyam ya dunƙule da oksijin ya zama ƙwayoyin V2O5, layi mai kaifi yakan fito a wajen 995 a kan ma'aunin. Idan ya bazu ɗaiɗai kuma a bushe yake, layin V=O, wato alamar ɗaurin banadiyam da oksijin ɗin da ke samansa, yakan tsaya tsakanin 1030 da 1040. Nawa mai ruwan lemo babu wannan layin sam, sai wani tudu mai faɗi. Danshin ɗakin ya tsinke igiyar da ta ɗaure banadiyam da silika.

Muka sa garin a ƙaramin akwati mai tagar gilashi, muka ɗumama shi zuwa digiri 450 na Selsiyos cikin busasshiyar oksijin. Ina kallo ya washe ya koma fari, layin kuma ya leƙo. Tun daga ranar, duk takardar binciken da na ga an auna katalis a buɗaɗɗiyar iska sannan aka yi bayanin yadda yake aiki a cikin zafi, sai in yi tsaki in wuce.

Layin ma bai faɗar komai da komai. Ayyukan Israel Wachs na jami'ar Lehigh a Amurka sun nuna idan ka maye gurbin silika da titaniya (ƙarfen titaniyam mai haɗe da oksijin), saurin aikin katalis ɗin a kan metanol, wani nau'in alkohol, yakan ninka sau da yawa, alhali layin V=O da ƙyar yake gusawa. Ashe ƙarfin yana wurin da banadiyam ya riƙe abin da aka shimfiɗa shi a kai ta hanyar oksijin.

Yanzu titaniya na yi odar ta, kuma samfurina daga tanderu sai kwalba mai murfi, ko da ladan ya kira salla.