Ranar da na kasa cewa a yi haƙuri

Tun muna yara a makarantar Lahadi abu ɗaya ake ta cusa mana, haƙuri, haƙuri, wanda ya mare ka a kuncin dama juya masa ɗayan. Ban ƙi ba, maganar Ubangiji ce. Amma gaskiya mun mai da haƙurin nan bargo, duk abin da muke tsoron faɗa sai mu lulluɓe shi mu ce ai Allah na gani.

Bara bayan kaka ƙanin babanmu ya rasu a ƙauyenmu can wajen Malumfashi, ya bar mata da yara huɗu. Ko wata biyu ba a yi ba 'yan'uwansa suka raba gonar, har dawar da ke cikin rumbu ba su bari ba. Da na je na tarar da Inna, matar marigayin, bakin murhu tana tankaɗe ɗan garin da bai cika kwano ba, autarta na riƙe da gefen zaninta. Na tambaye ta, ta ce "ba komai ɗana, haƙuri maganin zaman duniya." Wani abu ya tokare mini ƙirji har hannuna na rawa.

A mota ina dawowa Katsina sai roƙon gafara nake, don a zatona Kirista bai kamata ransa ya ɓaci haka ba. Daren nan barci ya ƙi, na ɗauko Littafi Mai Tsarki, dama Nehemiya muke bi a addu'ar safe, na buɗe sura 5. Talakawa sun zo da kuka, yunwa da harajin sarki sun sa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta, kuma masu yi musu haka 'yan'uwansu ne Yahudawa ba wasu bare ba. Aya ta 6 ta ce Nehemiya ya husata ƙwarai. To amma dubi aya ta 7, bai fita da zafin kai ba, sai da ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa tukuna, sannan ya tara manyan ya faɗa musu ido da ido su mayar da gonakin a ranar. Na karanta wajen nan ya fi sau biyar. Sai na tuna Markus 3, inda Yesu ya dubi mutanen majami'a da fushi yana baƙin cikin taurin zuciyarsu, abin da ya biyo bayan fushin nan kuwa shanyayyen hannu ne ya miƙe.

Ni mutum ne mai nauyin baki, ko gaban babana ba na iya doguwar magana. Amma ran Asabar na koma, na roƙi fasto da dattawan ikilisiya biyu suka raka ni zauren babban wansu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce "Baffa, ku gafarce ni, ni ɗanku ne, amma abin da aka yi wa Inna da marayun nan zalunci ne, kuma gobe tare za mu tashi mu yi waƙa a coci." Muryata ba ta yi rawa ba, ni kaina na yi mamaki. Ya ce yaushe aka haife ni. Aka yi ta ja har la'asar, a ƙarshe suka yarda su sakar mata gonar ta noma wa yaran, dawar kam sun ce an riga an sayar.

Na fito raina bai gama hucewa ba saboda dawar nan, sai fasto ya nuna mini rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ya ce Afisawa 4:26, kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. Na juya na koma zaure na ce "Baffa sai da safe, Allah ya huta gajiya." Bai amsa ba. Har yau in na kira shi a waya sama-sama yake amsawa, amma duk Lahadi da yamma sai na kira. Bana Inna ta shuka dawa da wake, babban yaron ma ya koma makaranta.