Asabar, ni da Auta da karnukan taga

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba, ruwa ake tun asuba. Bayan karin kumallo na jawo tsohuwar na'urar gem ɗina PS2 daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe ƙura, ikon Allah ta tashi, kuma da yake tana karanta faifan PS1 sai na saka Resident Evil na farko, gem ɗin ban tsoro da kamfanin Capcom suka fitar a 1996.

Autanmu na zaune yana min dariya. Shi wanda ya sani shi ne sabon Resident Evil 4 na 2023, wai "Yaya wannan matar tafiya take ko kwana take sha kamar tirela?" Na ce masa zauna ka gani. Jill ce, matar da nake wasa da ita, a wani tsohon gida a dutsunan Arklay kusa da Raccoon City, harsashi kaɗan, kyamara a kafe wuri ɗaya ba ka ganin abin da ke bayan kwana, ko sebin ma, wato ajiye inda ka tsaya, sai ka samo ribon na tawada ka kai wa tafireta, in ya ƙare shi ke nan ka shiga uku. Ƙofar nan da ke buɗewa a hankali in za ka shiga wani ɗaki kuwa dabara ce, na'urar ce ke lodin ɗaki na gaba, amma daraktan gem ɗin Shinji Mikami da mutanensa suka mai da jiran ya zama faɗuwar gaba. Wallahi har yau ƙarar ƙofar na tsinka min zuciya.

Na ɗan ba shi tarihi muna wasa. A Japan sunan gem ɗin Biohazard, kuma tushensa wani tsohon gem ne na Capcom, Sweet Home, na 1989. Na 2 ya fito 1998 da Leon da Claire, na 3 a 1999 da dodon nan Nemesis mai bin mutum ɗaki-ɗaki. Na 4 a 2005 ya mai da kyamara bayan kafaɗa, ya yi daɗi ba ƙarya, amma ni a ganina daga nan tsoron ya fara zirarewa, kafin a kai na 6 a 2012 abin ya koma harbe-harbe zalla. Mutum da buhun harsashi me zai tsorata shi? Sai a 2017 na 7 ya komo da mu cikin gida ɗaya a Louisiana, kana gani da idon jarumin gem ɗin Ethan, hannunka kusan wayam.

Auta bai yarda ba sai da na miƙa masa pad a dogon koridon nan mai tagogi. Ban ce masa komai ba. Karnuka suka fasa gilashi suka diro, yaro ya yi wurgi da pad yana salati har Umma ta leƙo tana tambaya lafiya.

Wajen la'asar aka ɗauke wuta, ba mu yi sebin ba, ribon ɗaya ya rage min ina ta ririta shi. Auta ya ce gobe shi zai fara, amma da rana.